Farin Bokitin Baba

Sallama gare ku masu bibiyar labarin nan. Yau ba ni da doguwar gaisuwa, don abin da zan faɗa na daɗe ina kewaye shi, idan na tsaya gaishe-gaishe zan sake kewayewa. Ke kuma da kika turo min saƙo kina cewa, "Zuwaira, ke dai akwai ki da haƙuri," 'yar'uwa ki riƙe yabonki tukuna, ki karanta har ƙarshe.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Zuwairatu, a Bukan Sidi aka haife ni cikin garin Lafia. A shekarar 2007 da abin ya faru ina da shekara ashirin da uku. Mu uku ne a gidan: ni, da Babana Malam Jafaru tela, sai wata 'yar ƙabilar Tibi da ke zaune a ɗakin kusa da rijiya. Sunanta Nguavese, unguwa na ce mata Maman Doofan, ni kuwa Mama kawai nake ce mata. Shekararta tara a gidanmu. Ta shigo da shekara ɗaya Innata ta rasu, to daga nan duk abin da uwa ke zaunar da 'yarta ta faɗa mata a ɗaki, daga bakin matar nan na ji shi, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

Sana'arta haɗa omo. Ba na kamfani ba, na gida, wanda ake ƙullawa a leda na naira goma da na ashirin. Ita ta koya min. Ana jiƙa kostik soda a ruwa ya kwana, a jiƙa soda ash daban. Washegari a gwada ƙarfin ruwan kostik da ɗanyen ƙwai: idan ƙwan ya nutse ruwa ya yi yawa, idan ya taso ya nuna bayansa kamar faɗin kwabo to ya yi. Sai a tsiyaya shi cikin man alayyadi ana juyawa da muciya hannu ɗaya, ba a komawa baya. A zuba soda ash, a zuba bula da turare, a ƙarshe a sa haidirojin, ka ga abu ya kumburo yana huci kamar zai fito daga baho. A shanya a kan buhu kwana biyu ko uku, a murje a rariya. Aikin ke nan, ba wani asiri.

Doka ɗaya ce Mama ba ta wasa da ita. Ruwan kostik a jan bokiti yake zama, da murfi, da dutse a kan murfin, a bayan madafa. Dalili kuwa, idan ya kwana ya huce, wallahi ba mai raba shi da ruwan rijiya. Ba kala, ba wari.

"Zuwaira, ka ji ni da kyau," haka take cewa tana ja min kunne. "Wannan abu ba ya san mai gida, ba ya san baƙo. Jan bokiti kawai. Ko mutuwa aka yi, jan bokiti."

Sai in ce, "Na ji, Mama, sau nawa za ki faɗa?"

Sai kuma ga Kalilu. Ɗan kasuwar riɗi ne, yana saye a ƙauyukan Doma yana kaiwa Kano. Mutum ne mai sanyin magana, idan ya yi dariya sai ya rufe baki da hannu kamar shi ne budurwar. Shi ya saya min Nokia mai tocila. Sabis a gidanmu wuri ɗaya yake kamawa, gindin mangwaro a bayan ɗakina, don haka duk sanda wayar ta yi ƙara sai in kwasa a guje can kafin ta yanke. Lokacin manya sun san da maganarmu, saura a zo a sa rana.

Ranar Litinin jan bokitin ya tsage. Mama ta ce a bari sai Laraba ta sayo wani. Ni kuwa akwai wata mai shago da ta ce in kawo mata omo kafin Juma'a, na ga idan na jira ba zai bushe ba. Na duba gidan, ban ga bokiti mai murfi ba sai farin bokitin fenti da ke zama a bakin rijiya. Na Baba ne. Ni ke cika masa shi kullum, don idan ya dawo daga shago da azahar, kafin ya gama sallama ya sunkuya ya kamfaci ruwa da hannu biyu ya watsa a fuska. Na ce a raina dare ɗaya ne, zan wanke in mayar kafin ya dawo. Na jiƙa kostik a ciki na kai bayan madafa, ban gaya wa kowa ba.

Talata, watan Maris, zafin nan na Lafia da ko kare neman gindin randa yake. Wajen sha biyu da rabi na ɗauko bokitin na kawo bakin rijiya inda haske yake, na buɗe murfin, na shiga ɗaki ɗauko ƙwai. Ƙwan na hannuna wayar ta yi ƙara. Kalilu ne daga Doma. Na zaga gindin mangwaro.

Kar ku tambaye ni me muka ce, wallahi ba wani abu ba ne. Yana tambayata kalar atamfar da nake so ne, ina ce masa ban da ruwan ɗorawa. Ranar kuma aka ɗauke wuta a layin shagon Baba, ya taho gida da wuri.

Ban taɓa jin Babana ya yi ihu ba sai ranar. Da na zagayo, Mama ta riga ta fito. Ta kayar da shi a bakin rijiya, ta danne masa ƙirji da gwiwa, tana buɗe masa ido da yatsu tana kwarara ruwa, tana min tsawa, "Ja ruwa! Zuwaira, ja ruwa, kar ka tsaya!" Na yi ta jan guga. Ban san guga nawa ba. Maƙwabta suka cika gidan, abin da suka tarar shi ne mai sana'ar omo a kan Malam Jafaru, da safar roba a hannunta, ga bokitin kostik a gefe.

A asibiti likita ya ce ruwan da aka yi ta zubawa shi ya ceci abin da ya saura. Idon dama ya tafi. Na hagu yana ganin haske da inuwa, ba ya raba fuska. Mutumin da ke zura zare a allura ba tabarau, mai aikin wuyan babbar riga da ake zuwa nema tun daga Keffi.

A barandar asibitin Goggo Dijatu, ƙanwar Baba, ta iso da mayafi a hannu tana salati. Ta ce, "Wane mara imani ne ya ajiye guba a bokitin ruwa?"

Wata maƙwabciya ta ce, "Ai sana'ar matar nan ce ta gidan."

Ina tsaye. Mama na tsaye, zanenta jiƙe sharkaf. Ta dube ni, ba kallon tuhuma ba, kallo kawai. Na buɗe baki, sai na ji ba komai a ciki. Ba tsoro na ji ba, kar in yi muku ƙarya. Ban ji komai ba ne. Kamar wadda aka yi wa allurar cire haƙori a jiki gaba ɗaya. Mama ta sunkuyar da kai ta matse bakin zanenta, maganar ta zauna a haka.

Wata uku na yi a cikin wannan halin. Ina tashi, ina shara, ina ɗiga wa Baba magani sau huɗu a rana, ina kama hannunsa zuwa bayi. Ina cin abinci ban san ko da gishiri ko babu ba. Hawaye ko ɗigo. Masu zuwa dubiya suna cewa, "Kai, yarinyar nan akwai tawakkali." Ina cewa na gode. Baba kuwa duk wanda ya tayar da maganar bokiti sai ya ce, "Ƙaddara ce, a bar ta." Mama ta daina haɗa omo a gidan, sai a bayan katangar cocinsu. Kullum da safe takan tsaya daga bakin ƙofar Baba ta ce, "Malam, ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, Maman Doofan." Iyakarta ke nan.

Kalilu bai canja ba, wannan ma wani abin ne. Saƙonninsa suna shigowa kamar kullum.

"Slm Zuwaira ta. Ya jikin Baba? Ki daure ki ci abinci, jiya na ga kin rame."

"Na samo wani magani a Kano ance yana da kyau, zan kawo."

"Allah ya isa tsakaninmu da matar nan. Ki rage shiga dakinta don Allah."

Wannan na ƙarshen na karanta shi a gindin mangwaro, a daidai inda na tsaya ranar. Na rubuta "To." Na tura.

Goggo Dijatu ta tare a gidanmu da sunan jinya. Mace ce mai aiki, ba zan ci haƙƙinta ba, ita ta sayar da awakinta aka kai Baba asibitin ido a Kaduna. Amma idan ta ƙulla abu sai ta ga ƙarshensa. A farkon watan Yuni saƙon Kalilu ya shigo: "Kawu yace Asabar mai zuwa insha Allah zasu kawo kayan sa rana. Karfe sha daya." Goggo na jin haka ta ce kafin baƙi su taka gidan nan, matar nan ta bar shi. Ta aika wa Mama da bakin mai unguwa. Mama ta ce ta ji, za ta koma Doma wurin 'yarta Doofan, surukinta zai zo da akori-kura ranar Asabar da safe.

Ranar Alhamis muna tsince shinkafar baƙi a tsakar gida, ni da Goggo. Ban shirya ba, maganar ce ta fito da kanta.

"Goggo, bokitin nan..."

"Miƙo min tiren can."

"Goggo, ba Mama ce ta..."

Ta ajiye tiren. Ta waiga ɗakin Baba, ta waiga ɗakin Mama, sannan ta matso har ina jin warin man zafin da take shafawa a gwiwa.

"Ke kina ganin ni yarinya ce? Tun a asibiti na ga fuskarki."

Na dube ta.

"Rufe min baki. Kin san uwar Kalilu? Matar da tun farko take cewa ɗanta zai auro mai hannu kamar na lebura? Ki bari ta ji cewa ke kika makantar da ubanki kina hira da ɗanta a waya, ki ga ko akwai wanda zai sake tako ƙofar gidan nan. Ba Kalilu ba, duk Lafia. Sunan da za a sa miki har jikokinki sai sun ji shi."

"To ita fa?"

"Ita me? Tana da 'ya, tana da suruki, Doma ba bangon duniya ba ce. Ita wata biyu za a yi a manta. Ke kuwa nan za ki tsufa kina jan uban da kika makantar. Zuwaira, ki ji tsoron Allah ki tausaya wa Yaya, burinsa ke nan ya ga ya aurar da ke."

Ta ɗauki tiren ta ci gaba da tsinta. Ni ma na ci gaba. Na tsince tsakuwa bakwai, ina ƙirgawa, don shi kaɗai kaina ya iya yi.

Juma'a bayan an sauko masallaci Goggo ta tafi kasuwa sayen kaji. Na shiga ɗakin Mama, rabona da shi tun watan Maris. Ta sauke labule, ta naɗe katifa, hoton Doofan na ranar aure yana jingine a kan buhun tukwane. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugune da rariya a cinya, tana murje ragowar omon da ta shanya. Ƙurar na tashi tana sa ta atishawa.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Zo ka riƙe min leda."

Na durƙusa na riƙe. Tana ɗiba da gwangwanin madara tana zubawa, ina ƙullawa. Da muka ƙulla kusan ashirin sai na kira ta.

"Mama."

"Ƙulla da kyau, iska zai shiga."

"Mama, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa me? In ce yarinya na ne? A gaban mutane?" Ta buga rariyar a gefen baho. "Ka yi kuskure, ni ma na yi. Na ga bokitin Malam babu a bakin rijiya ranar Litinin da yamma, na ce zan tambaya, na manta. To. Ka je ka yi aurenka. Yaron nan yana da kirki."

"Ya ce Allah ya isa tsakaninsa da ke."

Ta yi 'yar dariya ta hanci. "Ya faɗa don yana son Babanka. Bar shi."

Ta ci gaba da murza. Hannunta duk ya tsattsage, farcen ya cinye, kamar nawa.

"Kora ba ya dame ni, Zuwaira. Ɗaki ɗaki ne. Abin da ya yi min zafi," ta tsaya ta share hanci da bayan hannu, "shekara tara ina gidan nan. Ni na wanke Innanka da ciwo. Ba mutum ɗaya da ya zo ya ce, Maman Doofan, kai ne ko ba kai ba ne? Ko tambaya. Sun san amsa tun kafin su zo."

Na so in yi kuka a wurin, na rantse muku na so. Na matsa ido, na tuno Inna, na tuno ihun Baba. Babu. Sai na ci gaba da ƙulla leda har garin ya ƙare. Da zan fita ta tura min rariyar da ƙafa ta ce in ɗauka, ita Doofan tana da wata.

Asabar tun da hantsi gidan ya cika da ƙamshin soyayyen kaza. Mata biyu daga dangin Baba suna ta daka a tsakar gida. Goggo ta fito min da leshi ruwan hoda da ta ɗinka min a ɓoye, da sarƙar Inna, da mayafi fari mai duwatsu. An zana min lalle tun daren jiya, ya shiga tsagar hannuna yana ta raɗaɗi, ni dai na miƙa hannu aka yi. Na duba madubi na ga wata yarinya ta yi kyau. Ban ji ta shafe ni ba.

Ƙarfe goma akori-kurar ta iso. Ortese, mijin Doofan, ya shigo ya gaida kowa da ladabi, ba wanda ya amsa da kyau. Ya fara fitar da kaya: katifa, buhun tukwane, baho uku, turmi. Matan da ke daka suka juya masa baya.

Saƙo ya shigo. "Mun taso. Ni na jawo motar Kawu da kaina. Gabana sai faduwa yake kamar zan shiga jarabawa."

Lokacin maganin Baba ya yi. Na shiga ɗakinsa. Yana zaune a bakin gado cikin farar shadda, babbar rigar da ya yi wa aiki da hannunsa shekara biyu da suka wuce, ya ce ta ranar aurena ce. Ya sa hular a karkace. Na gyara masa. Ya ɗaga kai sama, na buɗe idon hagun na ɗiga, ɗaya, biyu. Daga waje ana jin Ortese yana jan gadon ƙarfe a kan siminti.

"Baba."

"Na'am, uwata."

"Ni ce na jiƙa kostik a bokitinka. Ni na kawo shi bakin rijiya na buɗe. Na tafi amsa waya."

Haka na faɗe shi, kamar mai karanta lissafin cefane. Maganin ya gangaro masa ta gefen hanci. Na sa auduga na share.

Ya ce, "Na sani."

Na tsaya da audugar a hannu.

"Bokitin nan ke kaɗai kike taɓa shi, Zuwairatu. Matar nan ko tsintsiyarmu ba ta ɗauka sai ta yi sallama ta tambaya. Tun ina kwance a asibiti na sani."

"To Baba, me ya sa..."

"Ido ya riga ya tafi. Na ce kar in rasa ido ke kuma ki rasa miji." Ya lalubo gefen rigarsa yana murza zaren aikin da yatsa. "Dijatu ta ce a kore ta, na yi shiru. Kullum matar nan tana tsayawa a ƙofar nan ta ce min ya jiki. Ita ta danne ni ta wanke min ido. Wallahi da ina gani ma, ba zan iya duban fuskarta ba."

"Baba, in faɗa?"

"Ban ce ki faɗa ba. Ban ce ki bari ba." Ya saki gefen rigar. "Ni na yi nawa zaɓin, kuma ban ji daɗinsa ba ko kwana ɗaya. Ba ni da bakin da zan ba ki shawara."

Na rufe kwalbar maganin na ajiye a kan taga inda take zama. Ashe mu huɗu ne muka sani. Ni, da Goggo, da Baba, da ita wadda ake ɗora wa kayanta a mota. Duk gidan an sani, kuma ana ta soya kaza.

Da na fito, ɗakin Mama a buɗe yake, ba komai sai ƙusoshi a bango. Ba ta yi sallama da kowa ba. Na ji tashin akori-kurar a waje. Goggo ta leƙo daga madafa ta ce, "Ke, koma ɗaki, amarya ba ta tsayuwa a tsakar gida. Ina mayafinki?"

Wayar ta yi ƙara a hannuna. "Mun shigo layinku."

Ban koma ɗaki ba. Na bi ta zaure na fita, ba mayafi, da silifas ɗin wanka a ƙafa. Ban yanke shawarar komai ba, kar ku ɗauka wata jarumta ce ta zo min. Ƙafata ce kawai ta tafi.

Layinmu mota ɗaya yake ɗauka, ga kwata hagu da dama. Akori-kurar Ortese ta yi gaba kaɗan, sai ga farar Fijo ta shigo daga bakin titi, suka yi kiciɓis, hanci da hanci. Kalilu ne a sitiyari da hula zanna sabuwa. Kawunsa Alhaji na gefensa, a baya mata biyu da akwati a kan cinya da ƙwaryar goro. Mama na zaune a gaban akori-kura, jakarta a ƙirji, tana kallon gabanta.

Kalilu ya danna hon. Ya leƙo ta taga ya ce wa Ortese, "Malam, ja baya mana!" Sai ya hango wadda ke zaune a gefensa, fuskarsa ta canja. Ya ce, "Au, ita ce? Ja baya ka ba mutane hanya, kun yi abin da kuka yi kuma ku tare mana layi."

Ortese ya sa giyar baya. Goggo ta fito ƙofar gida tana yi masa nuni da hannu ya yi sauri. Maƙwabta sun fara leƙowa ta kan katanga.

Na ratsa ta gefen kwata na wuce akori-kurar. Mama ta gan ni, ta buga gilashi da tafin hannu. "Zuwaira! Koma gida! Zuwaira, abeg!" Goggo ma ta ƙwala min kira, irin kiran da ake yi wa yaro ya nufi wuta.

Na tsaya a tagar Alhaji. Kalilu ya yi murmushi ya kai hannu zai rufe baki, sai ya ga kaina ba mayafi, hannun ya tsaya a hanya. Na durƙusa a ƙasa, leshin ya sha ruwan kwata.

"Kawu, ina kwana."

"Lafiya lau, 'yata. Lafiya kuwa?"

"Kafin ku sauke kaya akwai abin da ya kamata ku sani. Matar can ba ita ta zuba wa Babana kostik a bokiti ba. Ita ta wanke masa ido. Ni ce na zuba, ni na bar shi a buɗe." Na dubi Kalilu. "Lokacin da kai nake waya. Kana tambayata kalar atamfa."

Ɗaya daga cikin matan baya ta ce, "Innalillahi," ta janye hannunta daga kan akwatin. A bayana na ji Ortese ya taka birki, akori-kurar ta daina ja da baya.

Kalilu bai dube ni ba. Idonsa na kan sitiyari, hannunsa na kan makulli. Alhaji ya juya ya ce masa, "Kai, kashe motar nan."

Bai kashe ba.